To, Ina Sharar Ta Tafi?

Kusan duk babban kamfanin da ke ƙera kaya a yau yana fitar da rahoton shekara kan yadda yake kula da muhalli, kuma akwai wata magana da ta zama ado a cikin waɗannan rahotanni: masana'antarmu ta daina kai shara juji. Ina jin daɗi idan na ci karo da irin wannan sanarwa, domin na san abin da ramin binne shara yake yi wa ƙasa da ruwa da mutanen da ke maƙwabtaka da shi. Sai dai jin daɗin nawa ba ya cika sai na sami amsar tambaya guda: to, ina sharar ta tafi? A ganina kamfanin da ya cancanci yabo shi ne wanda ya rage yawan sharar da yake haifarwa tun daga bakin injinsa. Wanda kuwa ya sauya mata hanya kawai, daga rami zuwa wuta ko zuwa cikin jirgin ruwa, ya yi wani abu, amma bai kai ga aikin da yake so mu ɗauka ya yi ba.

Girman abin ne ya sa na damu. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018, an ƙiyasta cewa sharar gidaje da kasuwanni da ofisoshin duniya ta kai tan biliyan 2.01 a shekarar 2016, kuma tana iya kaiwa biliyan 3.4 kafin 2050. Wannan adadi shi ake yawan ambata. Wanda ba a cika ambata ba, alhali yana cikin rahoton, shi ne sharar masana'antu ta ninka ta gidaje kusan sau 18. Kafin kaya ya iso hannun mai saye ya riga ya bar tuli a bayansa: kashin ƙarfe daga tanderun narka, yashin da aka yi zubi a cikinsa, dagwalon fenti, ƙyallayen yadi da suka zube a ƙarƙashin teburin yanka, kwali da ledar nannaɗe kaya, ruwan sinadaran wanke injuna, da kayan da suka fito da aibi aka ture gefe. Mai saye bai taɓa ganin ko ɗaya ba, shi ya sa ba ya tambaya.

Duk mai ganin binnewa tana kashe magana ya karanta labarin unguwar Love Canal da ke birnin Niagara Falls a jihar New York ta Amurka. Kamfanin Hooker Chemical ya binne sharar sinadarai kusan tan 21,000 a wani tsohon rami daga shekarun 1940 zuwa 1953, ya rufe da ƙasa, ya sayar wa hukumar makarantun birnin filin a kan dala 1. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara ashirin da wani abu sinadaran suka fara tsatsowa cikin gidajen mutane da farfajiyarsu. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a wurin, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, kuma daga wannan masifa ce aka kafa dokar Superfund a 1980 domin share irin waɗannan wurare. Yaran da suka yi wasa a filin nan ba su san kamfanin ba, ba su ci ribarsa ba, amma a jikinsu aka biya bashin.

Za a ce ai ramin zamani ya bambanta, kuma gaskiya ne. Ana shimfiɗa masa yumɓu da roba mai kauri, ana sa bututun janye baƙin ruwan da ke tsatsowa daga shara, ana tara iskar da ke tashi. Amma roba tana tsufa, bututu yana toshewa, kamfanin da ke kula da wurin yana iya karyewa. Dokar Amurka ta ce a ci gaba da lura da rami shekara 30 bayan an rufe shi, alhali dalma da zaiba da ke ciki ba sa ruɓewa ko bayan shekara dubu. Abin da ke ruɓewa kuma, irin su takarda da katako da ragowar masana'antun abinci, yana ruɓewa ne inda babu iska, sai ya fitar da iskar metan. Kusan rabin iskar da ke tashi daga rami metan ce, kuma cikin shekara 20 na farko ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon sau 80 ko fiye. Saboda haka ba na cikin masu raina burin rage kai shara rami. Buri ne na gaskiya, kuma akwai waɗanda suka yi masa aiki da gaske.

Masana'antar motocin Subaru da ke Lafayette a jihar Indiyana tana cikinsu. Tun 2004 ta daina aika shara rami, ita ce ta farko cikin masu haɗa motoci a Amurka da ta kai wannan matsayi. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka fara: sun zazzage kwandunan shara a ƙasa suka duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, suka riƙa auna nauyin abin da kowane sashe yake zubarwa, suka mayar da adadin abin da ake tuhumar shugaban sashe a kansa. Soson da ake kare sassan inji da shi daga Jafan, maimakon a jefar, ana mayar da shi can a sake cusa kaya a ciki sau da yawa. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya ɗaukar ido, kuma yawancin dabarun daga ma'aikatan da ke tsaye a bakin layi suka fito. Duk da haka, ko a wannan masana'anta akwai ɗan abin da ke raguwa wanda ake kaiwa a ƙona don samar da makamashi, kuma ba su ɓoye ba.

A kan wannan ƙonawar nake so in tsaya, domin ita ce babbar kafar da kalmar "ba ma kai shara juji" take sulalewa ta cikinta. Kamfani yana iya barin injinsa yana zubar da shara kamar jiya, ya sa hannu kan kwangila da masu tanderun ƙonawa, washegari ya sanar da cewa ya rabu da rami. A takarda bai yi ƙarya ba. Amma wuta ba ta cinye komai. Cikin kowane tan biyar da aka ƙona, kusan tan ɗaya yana dawowa a matsayin toka, kuma tokar da ake tarewa daga hayaƙi tana ɗauke da guba, yawanci rami ake kai ta. Bambancin kawai shi ne yanzu da sunan mai tanderu take shiga ramin. An gudu ba a tsira ba. Ga shi kuma roba daga man fetur aka yi ta, ƙona ta ƙona mai ne, hayaƙin kabon ɗinta yana tashi nan take.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓuya. Tanderun ƙona shara jari ne mai nauyi, ana gina shi da niyyar ya yi aiki shekaru da dama, kuma dole a ciyar da shi kullum. Da zarar gari ko kamfani ya ɗaure kansa da alkawarin kawo tan kaza duk shekara, rage shara ya zama asara a wurinsa. Ƙasar Danmak ta gina tanderu da yawa har ta koma shigo da shara daga waje don ta cika su, kuma a 2020 ta yanke shawarar rage ƙarfin ƙonawarta da kusan kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Ba banza ba dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ta jera matakai biyar, ta sa hana haifar da shara a sama, sai sake amfani da abu yadda yake, sai sake sarrafa shi, sannan ƙonawa don makamashi ta zo ta huɗu, taki ɗaya kacal a saman rami. Ban ce kada a taɓa ƙonawa ba. Tanderun siminti, wanda zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, yana iya karɓar tsofaffin tayoyi da wasu ragowar sinadarai a madadin gawayin kwal, tokar ma ta shige cikin simintin, kuma wannan ya fi binnewa. Abin da na ƙi shi ne a haɗa abin da aka ƙona da abin da aka sake sarrafawa a adadi guda, a miƙa wa jama'a.

Jirgin ruwa ma kafa ce. Shekaru da yawa ƙasashe masu arziki suna cusa tarkacen roba da takarda a kwantena suna aikawa Sin, suna rubuta wa kansu cewa an sake sarrafawa. A farkon 2018 Sin ta rufe ƙofa ga nau'in shara 24, sai kayan suka karkata zuwa Maleshiya da Tailan da Biyetnam da Indunusiya, inda aka riƙa samun wuraren da ke tsince mai amfani su cinna wa sauran wuta a fili ko su zubar a bakin ruwa. A 2019 Maleshiya ta fara mayar wa masu shi kwantenoninsu, kuma a shekarar ce aka shigar da sharar roba cikin yarjejeniyar Basel ta 1989 mai taƙaita fitar da shara mai haɗari daga ƙasa zuwa ƙasa, gyaran da ya fara aiki a 2021. Darasin da ke ciki ga mai masana'anta a bayyane yake. Takardar da ɗan kwangila ya ba ka cewa ya karɓi tan ɗari ba ta gaya maka inda tan ɗarin ya kwana. Idan ba ka bi sawu ka gani da idonka ba, ba ka da hurumin cewa an sake sarrafawa.

Sai kuma maganar inda aka ja iyaka. A farkon 2015 kamfanin Unilever, mai yin sabulu da kayan abinci, ya sanar da cewa masana'antunsa fiye da 240 a ƙasashe 67 sun daina kai shara rami. Nasara ce babba, kuma kamfanin ya faɗa a fili cewa shara marar haɗari yake nufi. Amma mai karatu cikin sauri ba ya lura da wannan ƙaidi, kuma sharar da aka cire daga lissafin ita ce mafi ban tsoro. Haka nan masana'antar da aikinta haɗa sassa ne kawai, ko na mota ko na waya, tana iya zama tsaf, domin ƙazamin aikin an yi shi a wajen masu kawo mata kaya. Kafin a sami tan ɗaya na farin garin da ake narka alminiyam daga gare shi, ana barin tan ɗaya ko fiye na jan laka mai cin fata. A watan Oktoban 2010 bangon tafkin irin wannan laka ya fashe a Ajka ta ƙasar Hungari, kusan kubik mita miliyan 1 ta malale cikin ƙauyuka, mutum 10 suka mutu. Duk kamfanin da ke sayen alminiyam yana da hannu a irin wannan tafki, ko da farfajiyarsa ba ta da ko tsinke. Idan kuwa ya koma amfani da tsohon alminiyam da aka sake narkawa, ya kauce wa lakar gaba ɗaya, ya kuma rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da sabo yake ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kamfanoni da yawa, masu lissafin kowane kwabo, ba su san nawa shararsu take ci musu ba. Tambayi akanta, zai nuna maka kuɗin motar kwashewa da kuɗin rami. Wannan shi ne ƙaramin ɓangare. Duk gutsuren ƙarfen da ya faɗa kwandon shara an saye shi da farashin sabo, an biya kuɗin dakonsa, an ajiye shi a sito, an ƙona masa wutar lantarki, ma'aikaci ya ɓata lokaci a kansa, inji ya ci a kansa, sannan daga ƙarshe aka sake biyan wani ya zo ya ɗauke shi. An biya sau biyu kan abin da ba a sayar ba. Akwai tsarin lissafi da aka fara a Jamus, kamfanonin Jafan suka rungume shi, aka mayar da shi ƙa'idar ISO 14051 a 2011, wanda aikinsa ke nan: a bi kowane kilo na ɗanyen kaya daga shigowarsa, a ɗora wa abin da ya zama shara cikakken kuɗinsa kamar shi ma haja ce. Ranar da manaja ya ga wannan adadi, batun shara yana tashi daga teburin jami'in muhalli ya koma teburin masu yanke shawara.

Taiichi Ohno, injiniyan da ya gina tsarin aikin Toyota, ya lissafa nau'in ɓarna bakwai a masana'anta, kuma wadda ya ɗauka ta fi kowacce muni ita ce ƙera abin da ya wuce buƙata, domin ita ke haifar da sauran. Ba muhalli yake tunani ba, kuɗi yake tunani, amma maganarsa ta dace da namu batun. A 2018 aka gano a rahoton Burberry, mai yin tufafin alfarma a Birtaniya, cewa kamfanin ya lalata kayan da ba a saya ba na sama da fam miliyan 28 a shekara guda. Da surutu ya yi yawa ya daina, kuma Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata sabbin kayan da suka yi kwantai. Ka duba, rigar da aka ɗinka aka ƙona ba tare da kowa ya sa ta ba tana iya fitowa daga masana'antar da ke da shaidar rabuwa da rami. An noma audugar, an rina yadin, an gurɓata ruwan, duk a banza, kuma babu inda wannan ya bayyana a ma'aunin da ake taƙama da shi.

Masana ilimin sinadarai sun daɗe da ma'aunin da ya fi wannan gaskiya. A farkon shekarun 1990 Roger Sheldon ya kawo wata tambaya mai sauƙi: kilo nawa na shara ake yi kafin a sami kilo ɗaya na abin da ake so? A matatar mai adadin bai kai kilo ɗaya ba. A masana'antar magunguna kuwa ya gano yana kaiwa kilo 25 zuwa 100, har ya wuce, yawancinsa ruwan narkar da sinadarai ne. Wannan tambaya ba ta barin wurin ɓuya, domin ko ka ƙona ko ka binne ko ka aika ƙetare, adadin bai canza ba. Hanya ɗaya ce ta rage shi, a sauya yadda ake aikin. Kamfanin 3M na Amurka, mai ƙera kayayyakin masana'antu iri-iri, ya kama wannan hanya tun 1975 da shirinsa na cewa hana gurɓatawa riba ce, inda ake karɓar shawarar ma'aikaci idan ta kawar da gurɓatawar daga tushe, maimakon tace ta bayan an yi. Tun ran gini tun ran zane: yawan sharar da kaya zai haifar an yanke shi ne a ɗakin masu zana shi, lokacin da suka zaɓi su manna roba da ƙarfe da gam maimakon kusoshin da ake kwancewa, ko suka zana fasalin da ke barin gefen faranti da yawa bayan an yanke.

Ko an yi duk wannan, wani abu zai rage, kuma a nan misalin garin Kalundborg na Danmak yake da daɗin ji. A 1972 wata masana'antar allunan bango ta Gyproc ta fara karɓar rarar iskar gas daga matatar man da ke kusa da ita. Daga nan abu ya yi ta yaɗuwa. Tashar wutar lantarki ta Asnaes ta riƙa tura tururi ga matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, zafin da ya rage ya ɗumama gidajen garin, tokarta ta tafi masu siminti, jifsam ɗin da ake samu wajen tace hayaƙinta ya koma ɗanyen kaya ga masu allunan bango, ragowar da ke fitowa daga tankunan kamfanin magunguna kuma ta zama taki a gonaki. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan daga farko. Yarjejeniyoyi ne na kasuwanci, ɗaya bayan ɗaya, kowacce an ƙulla ta ne saboda ɓangarorin biyu sun ga riba, kuma manajojin sun san juna, suna iya gaya wa juna abin da ke fita ta bayan gidansu.

Wannan sanin junan ne ya fi wuyar kwaikwayo. Kamfanoni suna ɓoye bayanin shararsu kamar sirrin sana'a, alhali mai buƙatarta yana iya kasancewa a bayan katanga. Akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa: idan ka gina sana'arka kan sharar wani, ranar da ya gyara aikinsa ko ya rufe, kai ma ka shiga uku. Ƙasashen da suka dogara da tokar kwal wajen haɗa siminti suna ganin haka yanzu da ake rufe tashoshin kwal. Wannan bai rage darajar musayar ba, ya dai nuna cewa matsayinta yana bayan ragewa.

To me zai sa kamfani ya ɗauki wahalar nan idan rami yana da arha? Akwai shugabanni masu zuciya, irin Ray Anderson na kamfanin kafet na Interface, wanda a 1994 ya juya akalar kamfaninsa gaba ɗaya zuwa rage ɓarna. Ina girmama irinsu, amma ba za a jingina lafiyar ruwa da ƙasa kan sa'ar samun shugaba nagari ba. Shugaba yana tafiya, masu hannun jari suna matsawa, shekarar da ciniki ya faɗi kasafin muhalli ake fara yankewa. Abin da ke ɗorewa shi ne farashi da doka. Birtaniya ta sa harajin rami a 1996 a kan fam 7 kowane tan, ta riƙa ƙara shi a hankali bisa jadawalin da kowa ya sani tun da wuri, har ya haura fam 100. Jamus ta hana binne sharar gari da ba a sarrafa ba tun 2005. A ƙasashen biyu yawan abin da ke shiga rami ya faɗi ƙwarai, domin injin matse kwali da na tace ruwan sinadari da a da ake ganin tsadarsu sun koma masu mayar da kuɗinsu, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Masu adawa da irin wannan haraji suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Idan rami ya yi tsada, marasa tsoron Allah suna zubar da shara da dare a gefen hanya, ko su yi mata lakabin ƙarya don su biya kaɗan. Birtaniya ta sha fama da wannan har yau. Kuma wani kaso mai yawa na abin da ya bar rami a can tanderu ya nufa. Amsata ita ce haraji ba ya tafiya shi kaɗai. Yana buƙatar masu sa ido da ke da kayan aiki, da rajistar da ke bin kowace mota daga ƙofar masana'anta zuwa inda ta sauke, da hukunci da ke komawa kan wanda ya haifar da sharar ko da ɗan kwangila ne ya yi laifin. Idan kuma an tsaurara wa rami aka bar wuta a sake, an tura kowa wuta ne kawai.

Ina tunanin ƙananan masana'antu ma, waɗanda ba su da jami'in muhalli, ba su da kuɗin ɗauko masu ba da shaida, kuma wataƙila babu mai sake sarrafa irin shararsu a ko'ina kusa da su. Ba adalci ba ne a auna su da mudun Subaru. Sai dai matakin farko ba ya cin kuɗi: sikeli, da littafi, da kwanduna daban-daban a bakin kowane inji don kada mai ya ɓata kwali, kada fenti ya ɓata ƙarfe, tunda shara mai tsabta haja ce, cakuɗaɗɗiya kuwa sai rami. Manyan kamfanonin da ke sayen kayansu kuma su ne ya kamata su ɗauki nauyin sauran, su turo injiniyoyinsu, su karɓi akwatunan da ake mayarwa, su ba da kwangila mai tsawo da za ta ba ƙaramin ƙarfin zuciyar sayen sabon inji. Ba daidai ba ne babban kamfani ya matse farashi har ƙaramin ya rasa yadda zai yi da dagwalonsa, sannan ya buga rahoto mai sheƙi. Kada kuma a manta da miliyoyin mutanen da ke rayuwa da tsintar abin sayarwa a juji a sassan duniya. Su suka daɗe suna yin aikin da kamfanoni ke karɓar lambar yabo a kansa yanzu, da hannu tsirara. Duk tsarin da zai karkatar da kaya masu daraja daga juji ya kamata ya sama musu gurbi a ciki, da safar hannu da takalmi da farashin da aka yi yarjejeniya a kai.

Akwai ma sharar da na fi son a binne ta. Asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji, wurinsa rami ne da aka gina domin irinsa, a naɗe a rufe. Haka wasu tokoki da dagwalo masu ɗauke da ƙarafa masu guba. Kamfanin da ya ɗaure kansa da alkawarin sifili, wato ba zai kai komai rami ba, yana iya jarabtuwa ya tura irin wannan cikin kayan cike hanya ko takin gona don kada adadinsa ya ɓaci, kuma wannan ya fi binnewa muni nesa ba kusa ba. Na fi amincewa da wanda ya ce kashi 3 cikin ɗari na shararmu yana zuwa rami, ga abin da yake, ga dalilin, ga ramin, a kan wanda ya nuna mini sifili ya ƙi buɗe littafi.

Su kansu masu ba da shaidar ba bakinsu ɗaya ba. Ƙa'idar UL 2799 tana ba da daraja hawa-hawa daga kashi 90 cikin ɗari zuwa 100, tana kuma barin a lissafa wani ɓangare na ƙonawa don makamashi muddin an bayyana shi, yayin da ƙungiyar Zero Waste International Alliance ba ta yarda a kira abin da aka ƙona nasara ba sam. Mai karanta rahoto yana da haƙƙin sanin da wane ma'auni aka auna. Ƙa'idar bayar da rahoto ta GRI 306, wadda aka sabunta a 2020, ta riga ta nemi kamfani ya faɗi jimillar sharar da ya haifar, ya raba mai haɗari da marar haɗari, ya nuna nawa aka sake amfani da shi, nawa aka sake sarrafawa, nawa aka ƙona, nawa aka binne. Ni zan ƙara abu biyu: kilo nawa na shara ke bin kowane abu guda da aka ƙera, bana da bara da shekara biyar baya, da kuma irin wannan adadi daga manyan masu kawo masa kaya. Bayanan nan suna nan a sikelin bakin ƙofa da rasit ɗin 'yan kwangila da littafin sito. Masu hannun jari a taron shekara, da ma'aikatun gwamnati masu sayen kaya da yawa, da 'yan jarida masu karɓar sanarwar kamfanoni, kowannensu yana da damar neman a buga su kafin ya sa hannu ko ya yaɗa labarin.